Tukwanen mai abincin sayarwa

A tashar mota ta Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, tun kafin rana ta fito hayaƙi yake tashi. Masu abincin sayarwa ne suka hura wuta. Wata tana dafa shinkafa da wake, wata tana tuƙa tuwo, wata tana toya ƙosai. Kowace da tukunyarta, kuma tukwanen ba girmansu ɗaya ba, ba siffarsu ɗaya ba.

Girkin gida dabam, girkin sayarwa dabam. Uwar gida ta san bakunan da take ciyarwa: mutum 8 ko 10, kullum su ne. Mai sayarwa kuwa tana ciyar da mutum 50, ko 100, ko fiye. Daga cikin tukunyar nan za ta fid da kuɗin shinkafa, da na mai, da na itace, sannan ta samu abin kaiwa gida. In tukunya ta yi mata kaɗan, abinci zai ƙare masu saye suna tsaye, su koma wurin maƙwabciyarta, wataƙila gobe ma can za su nufa. In ta yi mata yawa, itace ya ƙone a banza, abinci ya yi kwantai. Shi ya sa ba a sayen tukunyar sana'a da ido kaɗai. Sai an san abin da aka yi ta da shi, da abin da za a dafa a ciki, da yawan masu ci, da murhun da za a ɗora ta.

Da me aka yi ta?

Tukunyar ƙasa ita ce ta kaka da kakanni. Magina suke gina ta da yumɓu, su shanya ta, su gasa ta. Garin Mirya, kusa da Damagaram, da garin Bubon, a bakin kogi kusa da Yamai, sun yi suna wajen ginin tukwane. Tukunyar ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka tana daɗewa da shi. Tsami ba ya cin ta. Tsofaffi da yawa suna cewa miyarta ta fi daɗi. Aibinta ɗaya: in ta faɗi, shi ke nan. Macen da ke kwasar kaya kowace safiya daga gida zuwa tasha ba ta iya dogara da ita. Randa kam tana nan a rumfar mai abinci, don ita ke sanyaya ruwan sha.

Wadda ta fi yawa a tasha ita ce tukunyar dalma. Sunan ne kawai dalma. Ƙarfen da ake zuba ta da shi alminiyom ne. Masu zubinta suna nan a kasuwar Katako ta Yamai da sauran manyan kasuwanni. Suna sayen tsofaffin kayan alminiyom: gutsattsarin injin mota, da gwangwanaye, da fasassun tukwane. Sai su narkar da su cikin kasko na baƙin ƙarfe a wutar gawayi, yaro yana zuga. Alminiyom yana narkewa in zafi ya kai digiri 660. Baƙin ƙarfe kuwa sai zafi ya haura digiri 1100, saboda haka kaskon ba ya narkewa. Kafin nan an riga an danna rairayi mai danshi cikin akwati, kewaye da wata tukunya ta misali. In an zare ta, sai siffarta ta zauna cikin rairayin. Nan ake tsiyaya narkakken ƙarfe. Da ya huce a fasa rairayin, a fito da sabuwar tukunya, a goge ta da magagari.

Tukunyar dalma ba ta tsatsa, ba ta saurin fashewa, kuma zafi yana bazuwa a jikinta da sauri. Ga sauƙin ɗauka: in tukwane biyu girmansu ɗaya, kaurinsu ɗaya, nauyin ta alminiyom wajen kashi ɗaya cikin uku ne na ta baƙin ƙarfe.

Amma aikin hannu ne, wata ta fi wata kyau. Mai saye mai hankali ba ta biya sai ta gwada. Ta ɗaga tukunyar wajen rana, ta duba ko haske yana shigowa ta wata ƴar ƙofa. Ta cika ta da ruwa, ta jira kaɗan, ta shafa gindin. Ta ƙwanƙwasa ta: lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙararta a dakushe take. Ta ja kunnuwan da ƙarfi. Tukunya mai litir 40 in ta cika nauyinta ya kai kilo 40 ko fiye; in kunne ya ɓalle ana ɗauke da ita, tafasasshen abinci ne zai zube a ƙafafun mutane. Sannan ta duba kaurin gindi. Akwai tukwanen kanti marasa kauri, masu araha. Suna da kyau wajen tafasa ruwa, amma tuwo da shinkafa kamawa suke yi a gindinsu, riba ta tafi a ƙanzo. Araha ba ta ado.

Abu biyu ne alminiyom ba ya so: tsami da kanwa. Tsamiya, da tumatir, da yakuwa, da lemon tsami suna cin jikinsa a hankali. Kanwa ma haka, ita ke sa cikin tukunya ya yi baƙi. Ana iya dafawa, amma da an sauke a juye, kada miya mai tsami ta kwana a ciki. Dalilin ya wuce lalacewar tukunya. Dalma ta gaskiya, irin wadda ke cikin batirin mota, guba ce, kuma ta fi cutar da yara ƙanana, don tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. In mai zubi bai tsince kayansa da kyau ba, tana iya shiga cikin narkakken ƙarfe. A shekarar 2014 an buga sakamakon wani bincike kan tukwanen zubi na ƙasar Kamaru. An gwada su da tafasasshen ruwa mai tsami, aka tarar dalma tana fita daga jikin da yawa daga cikinsu. Saboda haka gara a saya wurin mai zubin da aka sani, kuma babu kunya a tambaye shi: "Malam, da wane ƙarfe ka zuba wannan?"

Baƙin ƙarfe na suya ne, don yana jure wuta mai ƙarfi. Yana tsatsa, sai a riƙa busar da shi a shafa masa ɗan mai bayan wanki. Wasu kasake daga ganga ake yanko su. Gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta zama kaskon abinci, ko an wanke ta sau nawa. Akwai kuma inokis, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, tsami ba ya cin sa. Ya fi kowanne kyau wajen ajiye dafaffen abinci, sai dai tsada. Langa mai fenti ta zuba abinci ce, in fentin ya ɓare tsatsa ta kama wurin. Roba kuwa ba a kai ta kusa da wuta, ba a zuba mata mai mai zafi.

Kowane abinci da siffar tukunyarsa

Tuwo yana son tukunya mai zurfi, mai zagayayyen gindi. Ta haka muciya ke kaiwa ko'ina, babu lungun da gari zai ɓuya ya yi gudaji. Ta kasance mai nauyi kuma, don kada ta riƙa rawa a kan murhu lokacin tuƙi.

Miya tana daɗewa a wuta. Ruwa ta sama yake tashi ya zama tururi, saboda haka gwargwadon faɗin baki, gwargwadon saurin ƙafewa. Tukunyar miya ta zama mai zurfi, bakinta madaidaici, murfinta ya zauna daram. Shinkafa mai yawa kuma ta fi son faɗi. In tukunya ta cika zurfi, ta ƙasa takan caɓe tun ta sama ba ta nuna ba.

Suya akasin miya ce. A nan so ake tururi ya fice da sauri, shi ya sa kasko yake da faɗin baki. Man suyar ƙosai zafinsa yakan kai digiri 170 zuwa 180, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ba a zuba mai ya wuce rabin kasko, don da an saka ƙullu mai yakan taso. In ya zubo a wuta, gobara ce. In kasko ya yi kaɗan aka cunkusa ƙosai, mai ya huce, ƙosai ya sha mai, mai saye ya yi tsaki, mai sayarwa ta yi hasara. In kasko ya yi yawa, sai an zuba mai da yawa kafin ƙosai ya taso, ragowar man a yi ta maimaita shi har ya yi baƙi.

Mai masa da tanda take aiki, kuma yawan gurabun tanda shi ne saurin cinikinta. A ɗauka kowane zubi yana cin minti 5. Tanda mai gurbi 6 za ta ba da masa 72 cikin awa ɗaya, mai gurbi 12 ta ba da 144. A ƙofar makaranta, inda yara ke fitowa gaba ɗaya su koma gaba ɗaya, ƙaramar tanda ba ta biya. Mai dambu kuma tana bukatar madambaci, wato tukunya mai huje-huje a gindi da ake ɗorawa kan tukunyar ruwa. In bai dace da bakin tukunyar ba, tururi zai riƙa gudu ta gefe ko an naɗa tsumma. Gara a sayi biyun tare.

Lissafin girma

Masu zubi suna sa wa tukwane lamba: lamba 2, lamba 5, lamba 10, lamba 20, har sama. Babbar lamba, babbar tukunya. Amma tukwane biyu masu lamba ɗaya, in ba hannu ɗaya ya zuba su ba, suna iya bambanta. Abin da ba ya ruɗi shi ne litir. A samu kwalba mai litir 1, a yi ta zuba ruwa ana ƙirgawa har tukunya ta cika.

Ɗan makaranta yana iya gano amsar da alƙalami, in tukunyar miƙaƙƙiya ce kamar ganga. A auna faɗin baki, a raba biyu. A ninka rabin da kansa, a ninka da 3,14, sannan a ninka da zurfi. Ga tukunya mai faɗin santimetir 20 da zurfin santimetir 15:

10 x 10 x 3,14 x 15 = 4 710

A raba da 1 000, a samu litir 4,7. Ga wata mai faɗin santimetir 40 da zurfin santimetir 30:

20 x 20 x 3,14 x 30 = 37 680

Wato litir 37,7. A nan akwai abin lura. Ta biyu ta ninka ta farko sau 2 a faɗi, sau 2 a zurfi, amma abin da take ci ya ninka sau 8. Ido yana cewa biyu, lissafi yana cewa takwas. Nan ne masu saye da ido suke faɗawa.

Yanzu a duba mai shinkafa. A ɗauka tana sayar da kwano 60 a rana, kuma kilo 1 yana ba ta kwano 6. Ke nan kilo 10 take dafawa. Shinkafa tana kumbura: kilo 1 in ya dahu yana cin wuri wajen litir 3. Kilo 10 zai ci litir 30. To, tukunya mai litir 30 za ta saya? A'a. Ba a cika tukunya har baki. Ana barin kashi ɗaya cikin huɗu, don tafasa ta samu wuri, ludayi ya samu wurin juyawa. Litir 30 shi ne kashi uku cikin huɗu na litir 40. Tukunya mai litir 40 ita ce tata. Waccan mai litir 37,7 ta kusa, amma ba ta kai ba. Mai tuwo takan bar wuri fiye da haka ma, saboda tuƙi.

Tukunya da murhu

Itace yana cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin mai abinci, kuma daga daji mai nisa ake kawo shi birni. Ƙaramar tukunya a kan babban murhu, harshen wuta ta gefe yake wucewa, iska ta kwashe zafin. Babbar tukunya da ɗan abinci a gindi, ƙarfe ake dumamawa. Tukunya babu murfi, zafin yana bin tururi. Duk wannan itace ne ke tafiya.

A shekarun 1980 an yaɗa wani murhun ƙarfe a Yamai da ake kira Mai Sauƙi. Bangonsa yana kewaye tukunya, ya tare iska, ya sa zafi ya bi jikin tukunyar kafin ya fita. Irin wannan murhu yana rage cin itace, amma sai tukunya ta dace da shi. In ta yi masa kaɗan, zafi ya fice ta babban gibin da ke tsakaninsu. In ta yi masa yawa, ta toshe hanyar hayaƙi, wuta ta ƙi ci. Mai sayen murhu ta tafi da tukunyarta wurin maƙeri.

Bayan an sauke

Aikin tukunya bai ƙare da saukewa ba. Abincin gida ana saukewa ana ci. Na sayarwa yakan yi awoyi yana jiran masu saye, kuma a lokacin nan ne haɗari yake.

Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Zafi mai ƙarfi yana kashe yawancinsu, sanyi mai ƙarfi yana hana su yaɗuwa, amma ɗumi shi ne abin sonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi cewa a riƙe dafaffen abinci da zafin da ya haura digiri 60, ko da sanyin da bai kai digiri 5 ba, kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Cikin ɗumi, wasu ƙwayoyin suna ninkuwa kowane minti 20. Ƙwaya 1 ta zama 64 cikin awa 2, ta zama 4 096 cikin awa 4, ta haura 260 000 cikin awa 6. A bazara, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40, abin ya fi sauri. Shinkafa tana cikin abincin da ake tsoro, don akwai wata ƙwaya da dahuwa ba ta gamawa da ita. Da shinkafar ta huce sai ta farfaɗo. Ƙarshenta amai da zawo.

A nan girman tukunya yana da amfani, yana kuma da illa. Babbar tukunya mai zurfi tana riƙe zafi, abinci ya daɗe bai huce ba. Amma in ta fara hucewa, a hankali take yi: gefe ya yi sanyi, tsakiya ta yi awoyi cikin ɗumi. Saboda haka ga mai kwano 60 da ke wuni a tasha, tukwane biyu masu litir 20 sun fi guda mai litir 40. Ta dafa ɗaya da safe, ta dafa ɗaya da rana. Wahalar ta ƙaru, gaskiya ne, amma na azahar zai ci sabon abinci, kuma ranar da kasuwa ba ta ci ba, sai ta fasa girki na biyu, shinkafarta tana cikin buhu. Wanda ake sayarwa ya zauna a kan garwashi, a rufe. Ragowar da za a sa a firiji kuma a baza ta cikin faranti marar zurfi, don ta yi saurin sanyi.

Farantan manyan otal

A manyan otal, da asibitoci, da makarantun kwana na ƙasashe da yawa, ana girki don ɗaruruwan mutane. Su ma sun sha fama da mazuban da ba su dace da juna ba: faranti ya ƙi shiga tanderu, ko ya shiga tanderu ya ƙi shiga firiji. A shekarar 1964 masu otal da masu gidajen abinci na ƙasar Suwis suka yarda da awo guda, aka sa masa suna Gastronorm, a taƙaice GN. A shekarar 1993 ya zama awon ƙasashen Turai. Yau ana samun waɗannan farantai a manyan otal na ƙasashe da yawa, har da na Afirka.

Yawancinsu na inokis ne, masu kusurwa huɗu. Uwarsu ita ce GN 1/1: tsawonta santimetir 53, faɗinta santimetir 32,5. Sauran duk yankinta ne. GN 1/2 rabinta ce, GN 1/3 kashi ɗaya cikin uku, akwai 1/4, da 1/6, da 1/9. Akwai kuma GN 2/1, wadda ta ninka ta sau biyu. Gurbin da ya ɗauki 1/1 guda zai ɗauki 1/2 biyu, ko 1/3 uku, ko 1/2 guda da 1/4 biyu. Kuku yana iya sa shinkafa a rabi, miya a kashi ɗaya cikin huɗu, nama a ɗayan, gurbi ya cika babu gibi. Tanderu, da firiji, da keken tura abinci, duk da wannan awo ake ƙera su.

Zurfi ma an tsayar da shi: santimetir 2, da 4, da 6,5, da 10, da 15, da 20. GN 1/1 mai zurfin 6,5 tana cin wajen litir 9, mai 10 wajen litir 14, mai 20 wajen litir 28. Wanda ya ninka 53 da 32,5 da 10 zai samu litir 17 da ɗoriya, ba 14 ba. Dalili shi ne awon ya haɗa da leɓen faranti, kuma gindi bai kai baki faɗi ba.

Zaɓensu bai bambanta da na mai abincin tasha ba. Marar zurfi na gashi ne da saurin sanyaya abinci. Mai zurfi na miya ne da shinkafar da za ta ƙare da wuri. Masu huje-huje a gindi aikin madambaci suke yi. Lokacin rabon abinci ana jera farantan a kan ruwan zafi, don zafin abincin ya tsaya sama da digiri 60. Abin da ba ya saurin ƙarewa a ƙaramin faranti ake sa shi, in ya ƙare a kawo sabo daga madafa.

Tambayoyi

1. Don me ba a barin miya mai tsami ta kwana cikin tukunyar dalma?
2. Don me kaskon suya yake da faɗin baki, tukunyar miya kuwa take da zurfi?
3. Mai abinci tana dafa shinkafa kilo 15 a zubi ɗaya. Tukunya mai litir nawa ta dace da ita?
4. An sa GN 1/3 guda cikin gurbin GN 1/1. GN 1/6 nawa za su cike sauran wurin?

Aiki

Kowane ɗan makaranta ya auna babbar tukunyar gidansu da kwalba mai litir 1. Ya rubuta lambarta da yawan litir ɗinta, a kwatanta cikin aji.